Yadda Ake Bin Diddigin Albashi Idan Tattalin Arzikin Yanki Ya Sauya: Misalin Masaƙun Kaduna da Kano

Duk lokacin da wata babbar sana'a ta durƙushe a wani yanki, wata kuma ta taso a gurbinta, abin da aka fi ji a rediyo shi ne adadin mutanen da aka sallama daga aiki. Ba a cika jin abin da ya sami albashin waɗanda suka rage ba, balle ladan waɗanda ba su taɓa shiga ƙofar masana'antar ba amma cinsu da shansu a jikinta yake. An tsara wannan bayani ne domin sakataren ƙungiyar ƙwadago da zai zauna ciniki da masu kamfani, da ɗan jarida, da ɗalibin da yake rubuta kundin kammala karatu, da duk wanda yake son ya san takamaimai wane rukunin ma'aikata ne sauyin ya rage wa samu, wane ne ya ƙara wa, kuma da nawa. Misalin da za a bi shi ne na masaƙun Kaduna da Kano, domin shaidunsa suna raye, kuma hanyar da za a bi a kansa za ta yi aiki a kan rufe iyaka, ko haɗe bankuna, ko sayar da kamfanin gwamnati.

Ka fara da shata iyakar yankin da kake nazari, kada kuma ka ɗauki iyakar jiha ko ta ƙaramar hukuma a matsayin iyakar tattalin arziki. Yankin masaƙun Kaduna ya haɗa da Kakuri inda injinan suke, da unguwanni irin su Makera da Nasarawa inda ma'aikata suke haya, amma ya miƙa har gonakin auduga da gidajen gurza na Funtuwa da Malumfashi da Gusau, waɗanda a yau suke cikin wasu jihohi dabam. A Kano ma, masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ba za a fahimce su ba sai an haɗa da Kantin Kwari, inda kayan suke ƙarewa. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ka tambayi kanka daga ina ma'aikata suke zuwa da safe, daga ina ɗanyen kaya yake shigowa, kuma a ina ake kashe albashin a ƙarshen wata.

Daga nan sai ka jera shekarun da abubuwa suka faru, domin idan babu su za ka ɗora wa wani dalili laifin wani. An kafa masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a Kakuri a 1957, zamanin gwamnatin Sardauna, sannan masaƙun United Nigerian Textiles Limited (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. A 1986 gwamnatin Babangida ta shigo da shirin sauya fasalin tattalin arziki da ake kira SAP, aka karya darajar naira, aka kuma rushe hukumomin sayen amfanin gona har da ta auduga, sai kayan gyaran injina da sinadaran rini da ake sayowa daga waje suka yi tsada, manomin auduga kuma ya rasa tsayayyen mai saye. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, kuma daga farkon 2005, da yarjejeniyar da take ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare, kayan Sin suka malale kasuwanni, wasu ta tashar jiragen ruwa, wasu ta fasa-ƙwauri daga Kwatano su bi ta Maraɗi. A tsakanin haka ga rashin wutar lantarki da tsadar baƙin man da ake kunna tukunyar tururi da shi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Amfanin wannan jeri shi ne ka ga cewa albashin ma'aikacin masaƙa ya fara zaizayewa kusan shekara ashirin kafin a rufe ƙofa, saboda haka wanda ya fara lissafi daga ranar sallama ya bar rabin labarin a baya.

Babban aikin, wanda kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne rarraba ma'aikata rukuni-rukuni. Rabon da ya fi bayyana gaskiya shi ne na irin gwanintar da mutum yake da ita, wato ko za ta iya binsa zuwa wani wuri ko kuwa a jikin injin take. Mai gyaran wutar lantarki, da mai walda, da bakanike, da direba, da akanta, duk sun fita da sana'arsu a hannu, wasu ma sun buɗe shago sun fi da samu. Amma wanda ya shekara ashirin a sashen kaɗi ko na saƙa yana lura da layin injina, yana gane zaren da zai tsinke tun daga ƙarar injin, gwanintarsa ta mutu ranar da aka kashe wutar sashen, domin babu mai sayen wannan sani a kasuwar Bacci ko a tashar mota. A takardar albashi mutanen nan biyu suna iya zama a mataki ɗaya, amma bayan shekara biyar da sallama za ka tarar da tazara mai nisa tsakaninsu. Idan ka haɗa su a rukuni ɗaya da sunan "ƙwararrun ma'aikata", ka ɓoye abin da ka fito nema.

Bayan wannan ka raba su ta shekaru. Saurayi ɗan ashirin da biyar yana iya koyon wata sana'a ko ya tafi Abuja aikin gini, amma magidanci ɗan hamsin mai 'ya'ya a makaranta ba ya da wannan sararin, kuma shi ne ya fi kowa albashi a da saboda daɗewa, don haka faɗuwarsa ta fi tsawo. Wannan ba a ƙasar Hausa kaɗai aka gan shi ba: wani nazari da aka buga a 1993 a kan ma'aikatan jihar Fensilbaniya ta Amurka ya nuna cewa waɗanda suka daɗe a kamfani aka sallame su a taron dangi, ko bayan shekara biyar samunsu yana ƙasa da na da da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Sai kuma ka raba ma'aikacin dindindin da na wucin gadi. Kafin masana'anta ta rufe, yawanci takan daina ɗaukar na dindindin ta koma ɗaukar leburori ta hannun ɗan kwangila, ana biyansu kullum ko mako-mako, babu fansho, babu katin ƙungiya. Waɗannan su ake fara kora, kuma sunayensu ba sa cikin kowane littafi da za a nuna maka a ofis.

A nan ne ya kamata ka yi hattara da matsakaicin albashi, domin yana iya tashi alhali babu wanda aka ƙara wa ko kwabo. Mu ƙaddara masana'anta mai ma'aikata 1,000, inda 800 leburori ne masu karɓar naira 40,000, sauran 200 kuma manya ne masu karɓar naira 150,000. Matsakaicin albashi ya zama naira 62,000. Idan aka sallami leburori 600, aka bar 200 tare da manyan, matsakaicin zai haura zuwa naira 95,000. Mai karanta rahoton daga nesa zai ce ma'aikatan yankin sun samu ci gaba, alhali iyalai 600 sun koma ba su da komai. Maganin wannan shi ne ka riƙe jerin sunayen mutanen da suke aiki a shekarar farko, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ko da sun bar aikin, kuma wanda ba ya samun komai ka rubuta masa sifili maimakon ka cire shi daga lissafi.

Da ka samu alƙaluman, kada ka kwatanta naira da naira. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa 5,500 a 2000, zuwa 18,000 a 2011, zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, kuma wanda ya dubi wannan jeri kawai zai zaci ana ta hawa ne. Amma a 2019 litar fetur tana naira 145, wato albashin 30,000 yana sayen lita sama da 200, yayin da a ƙarshen 2024, bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar ta kai wajen naira 1,000, sai 70,000 ɗin ya tsaya a lita 70 ko ƙasa da haka. Alƙaluman hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna da amfani, sai dai na gama-gari ne, kuma talaka ya fi kashe kuɗinsa a abinci fiye da yadda matsakaicin ƙasa yake nunawa. A ganina ya fi kyau ka haɗa wa kowane rukuni ma'auninsa: mudu nawa na masara ko gero, da kuɗin hayar ɗaki, da kuɗin mota zuwa wurin aiki, da kuɗin makarantar yaro ɗaya. Sannan ka mayar da amsar zuwa kwanaki, ka ce a shekara kaza lebura yana aikin kwana kaza ya sayi buhun masara, yanzu kuma sai kwana kaza. Wannan lissafi kowa yana gane shi, daga mai kamfani har mai gadi.

Albashi kuma bai tsaya a kuɗin da ake miƙawa a ƙarshen wata ba. Manyan masana'antu suna da asibitin ma'aikata, da kantin abinci mai rangwame, da alawus na gida da na sufuri, da kuɗin ƙarin lokaci, da giratuti idan mutum ya ajiye aiki. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙu, wadda aka kafa a 1978 da hedikwatarta a Kaduna, wadda kuma Adams Oshiomhole ya daɗe yana babban sakatarenta kafin ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, a 1999, a wancan zamani tana cikin ƙungiyoyin da suka fi ƙarfi wajen ciniki da masu kamfani, kuma yawancin waɗannan alawus a yarjejeniyoyinta aka rubuta su. Idan ciniki ya fara ja da baya, ba a taɓa tsagwaron albashi da farko. Ƙarin lokaci ake fara yankewa, a rage aikin dare, a tura mutane hutun dole, sai ka ga takarda tana nuna albashi bai canza ba amma abin da yake shiga aljihu ya ragu sosai. Haka nan dole ka bambanta abin da aka rubuta wa mutum da abin da aka biya shi. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru da yawa suna neman haƙƙoƙinsu na sallama, da dama sun rasu kafin su gani, kuma giratutin da aka ƙiyasta da kuɗin 2002, ko da an biya shi cif bayan shekara goma sha biyar, ba abin da zai saya idan aka gwada da ranar da ya kamata a biya.

Daga nan ka fita daga harabar masana'anta. A ƙofar kowace masaƙa, lokacin canjin aiki, akwai masu tuwo da masu shayi da masu ƙosai waɗanda suke ba ma'aikata abinci bashi, suna rubutawa a ɗan littafi, a biya su ranar albashi. Akwai masu gidajen haya, da teloli, da masu wanki da guga, da malaman makarantun kuɗi. Duk waɗannan samunsu ya faɗi tare da masaƙar ba tare da an ba su takardar sallama ba. Mata su ne aka fi mantawa da su, domin matar da take soya ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula a cikin gida sau da yawa jarinta daga ragowar kuɗin cefane yake fitowa, masu sayen kayanta kuma maƙwabta ne masu albashi. Idan albashin unguwa ya tsaya, jarin ya shiga tukunya, adashi ya watse, sai a ƙara dogara da tallan yara. Namiji baƙo ba zai ji wannan ba, don haka tilas ne a cikin masu tattara bayanai a samu mata da za su shiga gidaje.

Akwai kuma wani rukuni da sauyin yake taɓawa ta bayan gida, wato mutanen da tuni suke cikin sana'ar da korarrun ma'aikata suka kwararo cikinta. Wanda aka sallama da ɗan abin hannunsa yakan nemi sana'ar da ba ta buƙatar dogon koyo, sai ya sayi babur ya shiga acaɓa, ko ya kafa tebur, ko ya shiga dako da gadi. Idan masu babur suka ninka a unguwar da fasinjojinta suka rasa albashi, samun kowane ɗan acaɓa zai ragu, har da wanda bai taɓa aikin masaƙa ba. Saboda haka ka tambayi tsofaffin 'yan sana'ar nawa suke komawa da shi gida a da, nawa kuma yanzu, bayan an cire kuɗin mai da abin da ake kai wa mai babur kullum. Ka kuma lura da dokokin da suka zo daga baya, kamar hana ɗaukar fasinja a babur a birnin Kano a Janairun 2013, wanda ya sake tura waɗannan mutane neman Adaidaita Sahu, abin da jarinsa ya fi ƙarfin da yawansu, sai suka koma tuƙa na wasu.

Kada nazarin ya zama na masu asara kaɗai, domin faɗuwar wani tashin wani ce. Shigowar atamfa da shadda da leshi daga Sin ta bunƙasa manyan 'yan kasuwar Kantin Kwari, ta samar da aiki ga yaran shago da 'yan dako da direbobi da masu canji, ta kuma sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi kayan sallah. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya taimaka wa injinan casar shinkafa na Kano, a daidai lokacin da ya tsayar da samun masu lodi da direbobi a Jibiya da Illela da Maigatari da takwarorinsu na ɓangaren Nijar. Abin tambaya a nan guda biyu ne. Na farko, shin waɗanda suka rasa tsohon aikin su ne suka samu sabon? Sau da yawa amsar ita ce a'a, domin shago yana ɗaukar ɗan'uwa ne ko yaron gida, ba tsohon ma'aikacin injin ba. Na biyu, wane irin biya sabon aikin yake da shi? Yaron shago yawanci ba albashi yake karɓa ba, kuɗin abinci ne da ɗan ihsani da fatan ubangida zai sallame shi da jari wata rana. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ma ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka idan aiki ya tashi daga masana'anta mai mutum dubu ya warwatsu zuwa shaguna ɗari biyu, ya fita daga ƙarƙashin dokar gaba ɗaya.

Wani abin da zai raba aikinka da hirar majalisa shi ne ka nemi abin kwatance. A shekarun da masaƙu suke mutuwa, kowa a ƙasar yana fama da faɗuwar naira, kuma Kaduna ta sha rikicin 2000 wanda ya sauya wuraren zaman mutane da kasuwancinsu. Domin ka ware abin da rufe masaƙa ya jawo, ka ɗauki mutanen da suka yi kama da juna amma ɗaya sauyin bai taɓa shi kai tsaye ba: malamin firamare da ma'aikacin saƙa da suke unguwa ɗaya kuma albashinsu ya yi kusa a farko, ko mai shayi a Kakuri da mai shayi a unguwar ma'aikatan gwamnati. Idan dukansu sun yi ƙasa, abin da ɗaya ya fi ɗaya faɗuwa da shi, shi ne za ka iya jingina wa sauyin yankin. Ma'aikacin gwamnati yana da amfani a wannan kwatance saboda albashinsa yana bin kason da ake rabowa daga Abuja, ba cinikin garin ba, ko da yake a jihohin da ake bin bashin albashi sai ka yi gyara.

Game da inda za ka samo bayanai, ka nemi tsofaffin yarjejeniyoyin albashi a ofishin ƙungiya, da takardun biya da mutane suke ajiyewa a ƙasan akwati tare da katin shaidar aiki, da littattafan bashi na masu shago, da rasiɗan haya. Idan za ka yi amfani da alƙaluman rashin aikin yi na hukuma, ka sani cewa an sauya ma'auni a 2023, inda aka fara ƙirga wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, shi ya sa adadin ya sauko daga kashi 33.3 cikin ɗari na ƙarshen 2020 zuwa kashi 4.1 a farkon 2023. Ba za a jera waɗannan biyu a layi ɗaya ba, kuma a sabon ma'aunin tsohon ma'aikacin masaƙa da yake sayar da rake a bakin titi mai aiki ne.

Wajen hira, kada ka tunkari dattijo da tambayar nawa yake samu, domin ko ya ji kunya ya ƙara, ko ya zaci tallafi ka kawo ya rage. Bayan gaisuwa ka ce, "Baba, a wane sashe kuka yi aiki?", ka bar shi ya ba ka labarin injinsa. Daga nan ka tambayi abin da ake bayarwa na cefane a lokacin da kuma yanzu, ko ɗaki nawa iyalin suke ciki, wace makaranta yara suke zuwa, yaushe rabon da a yi layya a gidan. Ka faɗa masa tun farko cewa ba rabon kuɗi ka zo yi ba, kuma ba za ka rubuta sunansa ba. Ka tambaye shi abokan aikinsa da suka bar garin, ka karɓi hanyar samunsu, saboda waɗanda suka koma ƙauye noma ko suka tafi ci-rani Legas da Fatakwal ba za ka same su a unguwa ba, kuma rashinsu zai karkatar da sakamakonka. Sannan ka yi zagayen sau biyu a shekara, ɗaya da kaka lokacin da hatsi yake araha kuma 'yan ci-rani suka fara shigowa birni suna karya ladan lebura, ɗaya kuma a tsakiyar damina lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, mudu ya yi tsada, leburori da yawa kuma suka koma gona.